Matan Fada, Wurin Shaƙatawarmu

Da editan wannan mujalla ya nemi in yi rubutu a kan wuraren shaƙatawa na ƙasarmu, sai da na yi dariya, domin mu da muka taso a Augie ba mu san wani lambu mai shinge da kujerun ƙarfe ba. Gulbi da fadama su ne filin wasanmu. Da muka shigo Argungu karatu kuma, sai muka tarar da Matan Fada, wanda shi ne dalilin wannan ɗan rubutu.

Kowa ya san tsakanin Kabi da Sakkwato ba a fara da daɗi ba. Mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, daga baya Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu, aka yi ta ɗauki-ba-daɗi har zuwan Turawa. To, a 1934 ne Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya ga babu abin da ya fi dacewa a nuna wa babban baƙo kamar sana'ar da Kabawa suka gada, wato su. Daga nan ake ƙirga farkon bikin kamun kifi. Amma a ganina kuskure ne a ɗauka a ranar aka fara komai, domin al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Abin da aka yi a 1934 shi ne mayar da aikin masunta abin kallo ga baƙi.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun ba, da wuya a kwatanta masa. Dubban masunta ne a jere, kowa da homa a hannu da gora, suna jiran ƙarar bindiga. Ana bugawa sai ka ga ƙura ta tashi, kafin ƙiftawar ido ruwan ya koma baƙi ƙirin da kawunan mutane, makaɗa na cikin jirage suna zuga su, Sarkin Ruwa yana lura. Cikin kamar awa ɗaya an gama, a kai giwan ruwa kan sikeli. Dalilin samun manyan kifaye kuwa ba ɓoyayye ba ne: an hana su a wannan gurbi duk tsawon shekara, don haka kifi ke samun sararin girma. Mu yara dai kabanci ya fi burge mu, wato tseren jirage da ninkaya da nutso da kamun agwagwa. Na tuna wani abokinmu, ba zan faɗi sunansa ba don yanzu babba ne, da ya yi alfaharin zai kama agwagwa, aka fito da shi yana aman ruwa.

Zuwan Janar Yakubu Gowon tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar a 1970, zamanin Sarki Muhammadu Mera, shi ya ɗaga bikin ya zama na ƙasa baki ɗaya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ya zama abin da jihar ke tinƙaho da shi. Malamin tarihinmu, Allah ya saka masa da alheri, yakan haɗa mana da zuwa Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke cika fadama ta sauya, yashi kuma yana cike gulbi. Bayan bikin 2009 aka yi shekara goma ba a yi ba, saboda matsalar tsaro da ƙarancin ruwa. A cikin wannan hutu ne, a 2016, UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya, alhali yaran garin da yawa ba su taɓa ganinsa ba.

Da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo buɗewa, na tafi da jikokina biyu. Kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne, kuma ɗan Augie ne ya kama shi, abin da har yau nake yi wa abokaina 'yan Argungu gori da shi. A hanyar komawa na tambayi yaran ko za su shiga kabanci idan sun girma. Sai babban ya tuna mini cewa daga shi har ƙanensa babu wanda ya iya ruwa.