Hayar gida a Mora: dalilan tsada da iyakar hannun gwamnati

Mora ita ce hedkwatar gundumar Mayo-Sava a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Tana gindin duwatsun Mandara, kimanin kilomita 60 arewa da Marwa, a kan babbar hanyar da ta wuce Waza zuwa Kuseri. Tsohuwar fadar sarautar Wandala ce, kuma garin kasuwa inda Mandarawa, Barebari, Fulani, Larabawan Shuwa, Hausawa da mutanen kan dutse suka daɗe suna cuɗanya. A da haya ba babbar magana ba ce a garin: ɗan gari yana gidan gado, ɗakin haya kuwa na ma'aikacin da aka turo aiki ne, ko ɗalibi, ko bafatake. Daga 2014 lamarin ya sauya.

Yadda garin ya cika

A watan Yulin 2014 Boko Haram ta kai babban hari Kolofata, kafin shekarar ta ƙare kuma Amchide, wadda ke fuskantar Banki ta Najeriya, ta kusa zama kufai. Mutanen Limani, Kerawa da ƙauyukan bakin iyaka su ma suka watse. Mora ce gari mafi kusa da ke da sojoji, asibiti da kasuwa, don haka nan da yawa suka nufa. 'Yan gudun hijirar Najeriya an tanadar musu sansanin Minawao, wanda aka buɗe a 2013 a gundumar Mayo-Tsanaga. 'Yan ƙasa da suka rasa matsuguni kuwa ba su samu wani babban sansani irin wannan ba. Ƙididdigar hukumar ƙaura ta duniya, OIM, ta nuna adadinsu a jihar ya haura 300,000, kuma Mayo-Sava na cikin gundumomi uku da suka fi ɗaukar nauyin.

Wasu sun kafa bukkoki a bayan gari, wasu sun sauka wajen dangi. Sai dai saukar baƙo tana da wa'adi ko da ba a furta ba. Iyalin da aka ba ɗaki don zumunci a shekarar farko, a ta uku sau da yawa an fara yi musu maganar kuɗi, ko kuma su da kansu sun ji nauyi sun fita neman haya. Ta haka gudun hijira ya rikiɗe ya zama buƙatar ɗakuna.

Akwai kuma rukuni na biyu da ba a cika ambata ba, wato masu albashi. A Mora hedkwatar shiyya ta ɗaya ta rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Chadi take, haka kuma ɗaya daga cikin cibiyoyi uku na hukumar karɓar makamai da mayar da tsoffin mayaƙa cikin al'umma, wadda aka kafa a 2018. Ƙungiyoyin agaji ma sun kawo ma'aikata. Waɗannan ne ke iya biyan gidan siminti mai katanga da wuta da ruwa, kuma abin da suka biya shi ne ma'aunin da sauran masu gidaje ke hange.

Kuɗin gini

Da gini yana da araha, da sababbin ɗakuna sun rage zafin kasuwar. Ba haka abin yake ba. Akwai kamfanin siminti a Figuil, tsakanin Garwa da Marwa, amma rodi da kwano da sauran kayan gini galibi daga kudu suke zuwa. Layin dogo a Ngaundere ya tsaya, daga nan sai manyan motoci. Litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Man bumburutu da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira zuwa-zuwa, shi ma ya yi tsada bayan cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023. Duk wannan kan ɗan haya yake ƙarewa.

Aljihun ɗan hayar kuwa bai faɗaɗa ba. A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 a yawancin sassan aiki masu zaman kansu, amma wannan bai taɓa ɗan acaɓa, ɗan dako ko mai sayar da ƙosai ba. Binciken gidaje na hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2014 ya gano kusan mutum uku cikin huɗu a jihar suna cikin talauci.

Hukumomi uku da Mora ba ta gani

Kamaru tana da tsofaffin hukumomin gidaje: SIC, mai gina gidaje da bayar da su haya, tun 1952, MAETUR, mai yanka filaye da shimfiɗa musu hanya da magudanar ruwa, da Crédit Foncier, bankin rancen gina gida. Biyun ƙarshe a 1977 aka kafa su. Shirin gidaje 10,000 da filaye 50,000 da aka ƙaddamar a 2009 ya fi karkata ne ga Yawunde da Duwala. Shirin gaggawa na shekara uku da aka sanar a ƙarshen 2014 ya ware gidaje 100 ga kowace daga cikin hedkwatocin jihohi takwas, ciki har da Marwa, Garwa da Ngaundere. Mora, da yake hedkwatar gunduma ce, ba ta cikin lissafin. Gida ɗari ma dai, a ƙasar da hukumomi da kansu ke cewa giɓin gidaje ya haura miliyan 2, ko a Marwa bai kai a ji shi a farashi ba.

Batun Crédit Foncier ya fi ɗaure kai. Duk ma'aikacin da ke kan takardar albashi, har da malamin firamare a Mora, ana yanke masa kashi 1 cikin 100 don asusun, kamfanoni masu ɗaukar ma'aikata kuma su ƙara kashi 1.5. Amma rance yana son jingina, jinginar da aka fi yarda da ita kuwa ita ce takardar mallakar fili, titre foncier. Dokokin ƙasa na 6 ga Yulin 1974 da dokar 1976 da ta biyo baya sun mai da wannan takarda ita kaɗai ce shaidar mallaka a hukumance. A garuruwa irin Mora kuwa filaye da dama da takardar ciniki mai sa hannun bulama ko lawan ake riƙe da su. Maƙwabta sun yarda da ita, banki bai yarda ba. Saboda haka mai gida yana gini ne da kuɗin albasa ko na dabbar da ya sayar, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi.

Abin da doka ta ce

Ba hukuma ke yanke kuɗin ɗaki a Mora ba, ciniki ne tsakanin mai gida da ɗan haya, wani lokaci da dillali a tsakani. Wanda ya saba da Maiduguri ko Kano, inda ake biyan shekara guda gaba ɗaya, zai tarar a nan lissafin wata-wata ake yi, tare da kuɗin 'yan watanni a gaba da kuma kuɗin ajiya, wato kosiyon, wanda dawo da shi ranar tashi kan zama rigima.

Akwai doka ta musamman kan hayar gidajen zama, mai lamba 2014/023 ta 24 ga Disamban 2014. Wadda ta fi tayar da ƙura ita ce sashe na 322-1 na kundin hukunta laifuka na 12 ga Yulin 2016. Ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara uku, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga ɗan hayar da ake bi bashin wata biyu, aka ba shi sanarwa, wata guda ya wuce bai biya ba kuma bai tashi ba. Masu gidaje kan yi barazana da wannan sashe, amma yana da sharaɗi: sai yarjejeniyar hayar tana da rajista a ofishin haraji. Rajista tana da kuɗi, kuma tana bayyana wa hukuma abin da mai gida ke samu, shi ya sa da yawa ke gudunta.

Hayar da aka ƙulla da baki, ba takarda ba rajista, ba ta shiga ƙarƙashin wannan hukunci, sai dai ita ma ba ta bar wa ɗan haya wata shaida idan aka ƙara masa kuɗi a tsakiyar shekara ko aka ce ya kwashe kayansa. Irin wannan saɓani yakan fara ne a gaban bulamar unguwa, kuma abin da ake fara tambaya a can shi ne shaidun da suka halarci cinikin da rasit ɗin watannin da aka biya.