Hurumi da Burtali da Masu Tsaronsu

Tun kafin zuwan Turawa, da wuya a sami gari a ƙasar Hausa wanda ba shi da filin da babu mai cewa nasa ne, alhali kowa yana da haƙƙi a cikinsa, wato hurumin bayan gari inda ake yin itace da kiwon awaki, da makiyaya, da mashaya, da burtalin da shanu ke bi tsakanin gonaki. Fuƙaha'u sun daɗe da tsara hukuncin wannan babi, suna kafa hujja da Naƙi'u, kwarin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe a yankin Madina domin dawakin Musulmi, da Rabaza wadda Sayyidina Umar ya keɓe domin raƙuman sadaka. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa ya wallafa Ta'alimur Radi a kan sharuɗɗan mallakar matacciyar ƙasa.

Sai dai abin da ya raya wannan hukunci a ƙauyuka shi ne gayya. Idan damina ta ƙarato, mai unguwa ya sa an yi shela, sarkin samari ya tara jama'arsa, sai a fita da sassafe da gatari da magirbi, makaɗi yana biye, a bi gefen burtali ana dasa aguwa da cini-da-zugu, a yashe rijiyar mashaya, kafin rana ta take mata sun iso da ƙoren fura. Wanda duk ya ci iyaka, ya shigar da shukarsa taku biyu cikin hanyar shanu, a gaban idon kowa dagaci zai sa a tuge ta, kuma wannan tozarci ya fi masa tara zafi.

Dokar Turawa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, amma aka bar wa En'e da hakimai kulawar yau da kullum. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo, dajin Ruma da Kukar Jangarai a lardin Katsina yana cikin na farko-farko. Daga baya adadinsu a Nijeriya ya haura 400 a takarda, ko da yake mafi yawansu ba a tabbatar da su a hukumance ba. Da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da dokar filaye ta 1978 suka zare hannun sarakuna, ga jama'a ta yawaita, ga noman rani ya mamaye fadamu, sai hurumi ya zama marayan da kowa ke yanka. A Nijar ma sai da dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, aka riƙa kafa turakun siminti a gefen hanyoyin dabbobi.

Gayya ba ta mutu ba; ƙungiyoyin taimakon kai da kai ne suka gaje ta, kuma zalunci ne a raina aikinsu, domin su ne ke yashe magudanan ruwa, suke karo-karo su katange maƙabarta da filin Idi, har waɗannan wurare suka tsira daga masu yanka fuloti. Abin da ke damuna shi ne burtali bai sami irin wannan gata ba, la'alla saboda mai amfani da shi, Bafulatanin da ke wucewa da rani ya dawo da damina, ba ya cikin rajistar ƙungiya, ba ya zuwa taronta, manoman da ke cikinta kuwa su ne masu gonakin gefensa. Shi ya sa a ƙauyuka da dama hanyar da a da garke guda ke bi a sake, yau amalanken shanu ma da ƙyar yake ratsa ta, kuma a daidai nan ne rigimar manomi da makiyayi take somawa kowace kaka.