Gansakuka Mai Guba da Hasken Rana

Jihar Jigawa ba ta da teku, amma gansakuka mai guba na iya yaɗuwa a kududdufai da madatsun ruwa irin ta Warwade da ke Ƙaramar Hukumar Dutse. Da hasken rana take haɗa abincinta, shi ya sa take taruwa a saman ruwa. Bazara ta fi dacewa da ita, sa'ad da ruwa ya ja baya ya ɗumama, musamman inda taki ya gangaro daga gonaki.

Gubar wasu nau'o'inta tana lalata hanta, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita. A shekarar 2020 hukumomin Botswana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da irin wannan guba. Muna kira ga dagatai da masu unguwanni da su hana shayar da dabbobi ruwan da ya koma kore shar.