Taurin bayan gida ga mata a lokacin hunturu: dalilai da mafita

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauko har Legas, Ibadan da Inugu. Ba ta kai ta Arewa tsanani ba, amma tana busar da jiki, ga shi ƙishirwa kan ragu, sai a wuni ba a sha ruwan kirki ba. A nan ne mata da yawa ke fara kukan cushewar ciki.

Mene ne shi?

Likitoci na kiran abin taurin bayan gida idan mutum ba ya zagayawa sau 3 a mako, ko bayan gidan ya fito da tauri sai an yi yunƙuri, ko a gama a ji kamar da saura. Babban hanji ne ke tsotse ruwa daga abincin da ya narke. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ko bayan gida ya daɗe a hanji, sai ya bushe.

Me ya sa ya fi damun mata?

Sinadarin furojestaron yana rage motsin hanji, kuma yakan ƙaru kafin al'ada da lokacin juna biyu. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo ma tana kawo shi, haka tiramadol da kodin. Mai jego kuwa tsoron zafin ɗinki kan sa ta riƙe. Ga kuma zaman gidan haya, inda ɗakuna da yawa ke raba banɗaki ɗaya: mace ta ji kunyar layi ta danne, jim kaɗan sha'awar ta wuce.

Abin yi a gida

- Ruwa: ki sha kamar lita 2 a rana, wato leda 4 ta fiya wata. In sanyi ya hana, ki ɗuma shi. Mai shayarwa na buƙatar fiye da haka.
- Abinci: ki rage burodi, taliya da farar shinkafa zalla. Ki ƙara wake, zogale, kuɓewa, alayyahu, ugu da ewedu, wanda mu muke kira lalo. Gwanda da dabino na taimakawa, lemu kuma a ci har da totuwarsa. A ƙara su sannu a hankali saboda kumburin ciki.
- Motsi: tafiyar minti 30 a rana tana zaburar da hanji.
- Lokaci: hanji ya fi motsi bayan karin kumallo, to ki saba zagayawa a lokacin. In masan zama gare ku, ki ɗora ƙafa kan ƙaramar kujera, kuma ban da dogon yunƙuri, don yana jawo basir.

Magani

In wannan bai wadatar ba, akwai laktulos, ruwan magani mai tausasa bayan gida cikin kwana 1 zuwa 2, kuma likitoci kan rubuta shi har ga masu ciki. Filasko na aiki cikin awa 8 zuwa 12, amma yana murɗa ciki, ba a mayar da shi na kullum. Mai juna biyu kada ta sha filasko, agbo ko wani jiƙo sai da izinin likita. Kada kuma ta daina shan ƙwayar ƙarin jini da kanta, ta faɗa wa ma'aikatan awo su duba mata. Baƙin bayan gida da ƙwayar ke kawowa ba matsala ba ne.

Yaushe za a je asibiti?

A tafi nan take in ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani, da amai, kuma ko iska ba ta fita. A ga likita in akwai jini a bayan gida, ko rama ba dalili, ko abin ya wuce mako 3, musamman ga wadda ta haura shekara 50. Kada fa a ce basir ne kawai a zauna. Allah ya ƙara mana lafiya.