Fatalwa a Cikin Kaset: Tarihin Almarar Tangarɗar Wasannin Bidiyo

Gabatarwa

Tun daga wajajen shekarar 2010 wani sabon nau'in adabi ya bunƙasa a intanet, musamman a tsakanin matasan Amurka. Gajerun labarai ne na ban tsoro, waɗanda akasari ba a san marubutansu ba, ana kwafarsu daga hannu zuwa hannu, kowa yana ɗan ƙara nasa gishirin. Reshe guda na wannan adabi ya ta'allaƙa ne kacokan a kan wasannin bidiyo na ƙuruciya. Zubin labaran kusan iri ɗaya ne: wani saurayi ya sami tsohon kaset na wasan da ya fi so yana yaro, ya sa a na'ura, sai ya tarar wasan ya sake kama, kiɗan ya koma baibai, mutanen ciki suna ambaton sunansa, har ya tabbata cewa wani mamaci ya tare a ciki. Manufar wannan lacca ita ce ta bi salsalar waɗannan labarai, ta kuma nuna cewa ƙarfinsu ya samo asali ne daga gaskiyar da suka jingina da ita.

Tangarɗa ta Haƙiƙa

Kafin a ƙirƙiri fatalwa, sai da aka sami tangarɗa ta haƙiƙa. Na'urorin wasa na farko ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce ƙwarai, sabili da haka masu tsara wasanni sukan yi ta matse abubuwa, kuskure kuwa ba ya rasa faruwa. Alal misali, wasan Pac-Man, wanda kamfanin Namco na ƙasar Jafan ya fitar a 1980, yana ajiye lissafin matakansa a wani gurbi da ba ya iya ɗaukar adadin da ya wuce 255. Duk gwanin da ya kai mataki na 256 sai ya ga rabin allon na dama ya cika da haruffa da alamomi barkatai, wasan kuma ba ya ci gaba daga nan. Haka nan a Super Mario Bros. na kamfanin Nintendo, na 1985, wanda ya san dabarar ratsa wani bango zai faɗa wani zango na ƙarƙashin ruwa da babu shi a tsarin wasan, wanda in an kai ƙarshensa sai a koma farkonsa, har lokaci ya ƙare.

Mafi shahara duka ita ce tangarɗar wasan Pokémon, wanda ya fito a Jafan a 1996, ya isa Amurka a 1998. Halittun da ake kamawa a wasan 151 ne, amma guraben da aka tanadar musu 190 ne, watau 39 sun zauna wofi. Idan mai wasa ya yi magana da wani tsoho a garin Viridian, sa'an nan ya je ya bi gaɓar gabas ta tsibirin Cinnabar, sai na'urar ta ruɗe, ta karanta haruffan sunan mai wasan a matsayin jerin halittun wurin. Ta haka takan fito da wani abu marar siffa, kamar ɓaraguzan gini, mai suna MissingNo., ma'ana lambar da ta ɓace. Gamuwa da shi kan ƙara 128 a kan abu na shida da ke jakar mai wasa, ta kuma ɓata wasu hotuna. A 1999 Nintendo da kansa ya yi gargaɗi a kansa. To, darasin da yaran wancan zamani suka ɗauka shi ne, a bayan duniyar da aka ƙawata musu akwai wani ɗaki da ba a so su shiga, kuma ƙofarsa ba ta kulle sosai.

Jita-jitar Filin Makaranta

A wancan lokaci yawancin yara ba su da hanyar bincike, sai abin da aboki ya faɗa a filin makaranta. Aka yi ta yaɗa cewa akwai wata ɓoyayyiyar halitta mai suna Mew a ƙarƙashin wata motar kaya da ke ajiye kusa da tashar jirgin ruwa a cikin wasan. Babu komai a ƙarƙashin motar. Amma ita Mew tana cikin kaset ɗin da gaske, domin wani ma'aikacin kamfanin Game Freak, Shigeki Morimoto, ya cusa ta gab da kammala aikin. Da yake rabin maganar ya tabbata, sai ya zama da wuya a ƙaryata sauran.

A shekarar 2000 kuma aka fara ganin rubutaccen labarin wani akwatin wasa mai suna Polybius, wanda aka ce ya bayyana a gidajen wasa na birnin Portland a jihar Oregon a 1981, yana sa masu yinsa mantuwa da mugun mafarki, wasu mutane masu baƙaƙen kaya kuma suna zuwa suna kwashe bayanai daga cikinsa. Har yau ba a sami akwatin ba, ba a kuma sami wata jarida ta 1981 da ta ambace shi ba. Abin da aka samu shi ne rahotannin cewa a wannan shekara wasu yara sun yi rashin lafiya a birnin wajen yin wasu wasanni na daban, kuma jami'an tsaro sun kai samame wasu gidajen wasa bisa zargin caca.

Shekarar 2010

Yaron da ke da shekara takwas ko goma a 1998 ya kai ashirin ko fiye a 2010. Ya iya rubutu, ya iya sarrafa hoto da sauti a kwamfuta, yana kuma begen kwanakin da suka wuce. Ba abin mamaki ba ne da manyan labaran wannan fanni uku suka fito a wannan shekara guda.

Na farko ya shafi garin Lavender na cikin Pokémon, inda maƙabartar halittun take, wanda Junichi Masuda ya tsara wa kiɗa mai sa jiki ya yi sanyi. Labarin ya ce a cikin kiɗan na asali akwai wani siririn sauti da kunnen yara kaɗai ke ji, wanda ya sa yara da yawa a Jafan suka hallaka kansu a 1996. Babu wata shaida a kan haka. Sai dai wani abu mai kama da shi ya auku: ran 16 ga Disamba 1997 gidan talabijin na TV Tokyo ya nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon mai walƙiyar ja da shuɗi, aka kai masu kallo 685 asibiti, wasunsu da alamun farfaɗiya, aka dakatar da shirin har wata huɗu. Almarar ta ari tsoron wannan rana ne, ta ɗauke shi daga talabijin ta mai da shi cikin kaset.

Na biyu shi ne Ben Drowned, wanda wani ɗalibin jami'a, Alex Hall, ya fara saki a watan Satumba. Ya gina shi a kan Majora's Mask, wasan Nintendo na shekarar 2000, wanda dama jigonsa baƙin ciki ne, tun da yake a cikinsa wata zai faɗo wa duniya bayan kwana uku. Mai ba da labarin ya ce ya karɓi kaset ɗin daga hannun wani tsoho, ya tarar da sunan wani yaro, Ben, wanda ya nutse a ruwa. Sabon abin da Hall ya kawo shi ne hotunan bidiyo na wasan da ya jirkita da hannunsa, ya gabatar da su a matsayin hujja. Bai rufe labarin ba sai a 2020.

Na uku shi ne Herobrine, wani mutum mai fararen idanu da aka ce yana bayyana daga nesa cikin hazo a wasan Minecraft, wai fatalwar ɗan'uwan mai wasan ne, Markus Persson na ƙasar Suwidin. Persson ya musanta, kuma babu wannan halitta a cikin umarnin da aka rubuta wa wasan. Amma kamfaninsa, Mojang, ya mai da abin raha, ya riƙa sanarwa a jerin gyare-gyarensa cewa an cire Herobrine, abin da ya ƙara wa almarar tsawon rai.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Sonic.exe ya biyo baya a 2011. Tsakanin 2017 da 2019 Tony Domenico ya saki Petscop a YouTube, inda ya ƙirƙiri wasan kansa ɗungurungum, ya nuna shi kamar wani tsohon wasan PlayStation na 1997 da ba a kammala ba, ya yi amfani da shi wajen ba da labarin cutar da yara. A nan fannin ya kai matsayin adabi mai nauyi, domin ya fito da abin da ke ƙarƙashin sauran labaran fili: fargabar mutum ya waiwayi ƙuruciyarsa ya tarar ba yadda yake tuna ta take ba.

Tatsuniya da Rigar Labari

Bahaushe ya daɗe da bambanta tatsuniya da labari. Tatsuniya tana da mabuɗi da marufi, ana farawa da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", sabili da haka ko ƙaramin yaro ya san cewa Dodo ba zai biyo shi ɗaki ba. Waɗannan almarori na intanet sun yar da mabuɗin da marufin da gangan. Sukan zo da kwanan wata, da sunan gari, da hoto, watau da dukkan kayan da labari na gaskiya ke sawa. Ga manya wannan shi ne daɗin abin. Ga wasu yara kuwa, illa ce. Ran 31 ga Mayu 2014, a garin Waukesha na jihar Wisconsin, wasu 'yan mata biyu masu shekara 12 suka soki ƙawarsu da wuƙa sau 19 don su faranta wa Slender Man, wani dodo da aka ƙirƙira a intanet a 2009. Yarinyar ta rayu. Shi wannan dodo ba daga tangarɗar wasa ya fito ba, amma dangin adabin ɗaya ne.

Kammalawa

Ba kowace jita-jita ce ƙarya ba, kuma wannan shi ya sa aikin mai bincike yake da wuya. Shekara da shekaru ana cewa kamfanin Atari ya binne tarin kaset-kaset, har da na wasan E.T., a jujin garin Alamogordo na jihar New Mexico a 1983, mutane da yawa suna ɗaukar maganar almara. A watan Afrilu 2014 aka haƙa wurin, aka tono kimanin 1,300. Bambancin a bayyane yake. Binnewar Alamogordo jaridun 1983 sun ba da rahotonta a lokacin da ta auku. Polybius kuwa shekara 19 ne tsakanin lokacin da aka ce ya faru da lokacin da aka fara rubuta shi, na garin Lavender shekara 14, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu mai shaida ko ɗaya. Ɗalibin tarihi, da ma'aikacin da rahoto ke zuwa teburinsa, abin da ya kamata su fara tambaya shi ne yaushe aka fara faɗin maganar, wa kuma ya rubuta ta a ranar da ta faru. Kasancewar wani yanki na zance gaskiya ne ba ya wanke sauran, domin maƙirƙiri mai wayo da gangan yake zaɓen bango mai ƙarfi ya jingina gininsa.