Arba'in ɗin Jego da Ƙurjin da ke Bakin Mai Barka

A ɗakin mai jego na da, ba kowa ke sa ƙafa yadda ya ga dama ba. Tun ciki bai tsufa ba maigida ya jibge itace a tsakar gida. Ranar da aka sauka, ungozoma ta yanke cibi, aka binne mabiyiya, sai tukunyar wanka ta hau murhu, safe da yamma, ana tsoma ganyen runhu ko na darbejiya a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa mai haihuwa. Jariri yana naɗe cikin zane, an ajiye wuƙa a wajen kansa saboda iskoki, ga wata tsohuwa a bakin gado da idonta bai barin kowa. Haka za a yi ta tafiya har kwana arba'in, sannan a yi kwalliya a fita yawon arba'in, dangi su ga ɗa.

Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954, ta yi bayanin wannan tsari na wanka da suna, ta kuma yi bayanin kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Uba kuwa sau da yawa ma ba ya kusa, domin an tafi da matarsa goyon ciki gidan iyayenta. Ba don tsoron wata cuta aka shimfiɗa wannan alkunya ba, amma ta yi wani aiki a kaikaice: ta nisanta leɓen iyaye daga fuskar jariri a daidai makonnin da jikinsa bai iya kare kansa ba.

Sai dai katangar tana da kafa, kafar kuwa ita ce barka. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna mata ba sa yankewa. Kowacce ta shigo ta ce "Barka da arziki", a miƙa mata jariri, ta buɗe fuskarsa ta ce ga hancin wane, ta yi addu'a ta tofa masa. A cikinsu ba a rasa wadda ta tashi daga zazzaɓi, gefen leɓenta ya feso da 'yan ƙuraje masu ruwa. Ba mai ɗaukar wannan a bakin komai. Cewa ake zazzaɓi ne ya fita ta baki, alamar sauƙi ya samu.

Wannan ƙurji tsoho ne ƙwarai. Likitocin Girkawa na zamanin Hippocrates suna kiran ƙurajen da ke yaɗuwa a fata da sunan herpes, daga kalmarsu mai nufin rarrafe, kuma sunan da asibiti ke kiran cutar da shi ke nan har gobe. A 2022 masana a jami'ar Kambirij ta Ingila suka tono ƙwayoyin halittar cutar daga haƙoran wasu mutane huɗu da suka mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suka ƙiyasta cewa irin da ke yawo a duniya yanzu ya bunƙasa ne kimanin shekara 5,000 baya. Allunan yumɓu na tsohuwar ƙasar da a yau ake kira Iraƙi kuma sun nuna mutane na sumbatar juna tun shekara 4,500 da suka shige, sumba kuwa hanya ce da cutar ke bi daga mutum zuwa mutum.

Labarin da ya fi daɗin ji na Rum ne. Sarki Tibariyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 miladiyya, ya kafa dokar hana sumbar gaisuwa ta yau da kullum, kamar yadda marubucin tarihi Suetonius ya rubuta. Wani marubucin, Pliny, ya ba da labarin wata cutar fuska da ta addabi manyan birnin a wannan zamani, tana bin sumba, har ta fi kama masu sarauta fiye da bayi da talakawa, tunda su ne masu gaisawa baki da kunci. Masana suna ta jayayya a kan ko herpes ce ko wata cuta daban. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne Rumawa sun gane cewa baki yana ɗaukar ciwo ya kai wa wani, ba su taɓa ganin ƙwayar cuta ba kuwa.

An daɗe kafin a haɗa ƙurjin babba da mutuwar jariri. Sai a 1935 wani likita a Amurka, George Hass, ya bayyana abin da ya gani a gawar wani jariri: hanta ta lalace, da alamun ƙwayar bairos a cikin ƙwayoyin naman. A 1939 Macfarlane Burnet na Ostireliya da abokin aikinsa suka yi bayanin abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Wanda ya kamu, ya kamu ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Ƙwayar tana lafewa a cikin jijiya ta yi barci, sai zazzaɓi ko zafin rana ko gajiya ya tashe ta, ta biyo jijiyar ta fito a leɓe. Ashe mutanenmu sun ga rabin gaskiya: zazzaɓin ne ke tayar da ƙurjin, amma ba shi ne ke fita ba.

Yawancin mutane tun suna yara suke kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da irin da ke fitowa a baki, da yawansu ba su ma sani ba. A jikin babba abin kwana goma ne, ya bushe ya yi ɓawo ya faɗi. A jikin ɗan kwana goma kuwa ƙwayar tana iya wuce fata ta shiga ido, ta hau ƙwaƙwalwa, ko ta watsu a jini ta kama hanta da huhu. Kafin a sami magani, cikin jarirai goma da ta watsu a jikinsu, fiye da takwas ba sa tashi.

Gaskiya abin ba kasafai yake faruwa ba. Ƙiyasin duniya shi ne jarirai 10 cikin haihuwa 100,000, kuma mafi yawansu wajen haihuwa suke ɗauka, daga al'aurar uwa. Wajen ɗaya cikin goma ne ke kamuwa bayan an haife su, ta baki ko hannun wani. Uwar da ta daɗe da ƙwayar tana ba ɗanta wani kaso na garkuwarta tun yana ciki. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne bakwaini, da jaririn da uwarsa ba ta taɓa kamuwa ba, sai uba ko kaka ko mai barka ta kawo masa.

Magani ya zo ne daga ɗakin binciken kamfanin Burroughs Wellcome, inda aka harhaɗa acyclovir a 1974. Gertrude Elion, wadda ta jagoranci gano yadda yake aiki, ta sami kyautar Nobel a 1988. Yau jaririn da cutar ta shiga jininsa ko ƙwaƙwalwarsa ana ɗaura masa maganin ta jijiya kwana 21, kuma mace-macen nau'in da ke watsuwa ya sauko zuwa wajen uku cikin goma. Sharaɗin shi ne a fara da wuri.

Likitoci suna cewa makonni shida na farko su ne mafi haɗari. Makonni shida kwana 42 ne. Tsofaffin da suka yanka wa jego kwana arba'in, ko me suka duba, ba su yi nisa da lissafin ba. Wankan kansa ya sha suka, tun da likitoci a Zariya suka danganta tafasasshen ruwa da gadon wuta da kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego a shekarun 1970, kuma sukar tana kan hanya. Amma a garin rage wankan, gidaje da yawa sun rage har da killacewar. Kunyar ɗan fari ta yi sauƙi a birane, uba yana ɗaukar ɗansa tun a asibiti, a manna masa sumba, a ɗauki hoto a tura wa dangi.

Ba wanda zai ce wannan laifi ne. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, kuma ya tauna dabino ya sa a bakin Abdullahi ɗan Zubairu da aka kawo masa shi yana jariri. Abin da ake nema kawai shi ne mai ƙurji ya dakata. Daga lokacin da leɓe ya fara ƙaiƙayi ko zugi har ƙurjin ya warke sarai, ba sumba, ba tofi a fuska, ba tauna dabino ko ɗanɗana abin da za a sa a bakin jariri. Wani mai lafiya ya yi. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗauke shi, a rufe baki da takunkumi. Uwa ta ci gaba da ba da nono, sai fa idan ƙurjin a kan nonon ya fito, a nan ta dakatar da wannan ɓangaren ta ga likita.

Idan kuwa jaririn da bai fita arba'in ba ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko ya yi zafi ko sanyi fiye da kima, ko wasu ƙuraje masu ruwa suka fito masa a fata ko ido ko baki, kada a tsaya ɗuri ko jiran gari ya waye. Wasu jariran ma ba sa fitar da ƙurji ko ɗaya. A kai shi asibiti nan take, kuma wanda ya san yana da ƙurji a leɓe cikin kwanakin nan ya faɗa wa likita da bakinsa.