Hoto Ya Riƙe Lambun Sarkin Faransa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, ga labarin wani lambu da hoto ya tsare wa jama'a kamanninsa.

A shekarar 1682 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya ƙaura da fadarsa zuwa Bersai, yamma da birnin Faris. Bayan gidan aka shimfiɗa masa lambu makeke, aka haƙa tafkuna, aka kafa mutum-mutumi na darma a tsakiyarsu, waɗansu dawaki huɗu masu jan karusa, waɗansu kwaɗi masu fesa ruwa sama. Amma ruwan bai isa ba. Ko da aka girka injin mai ƙafafu 14 a kogin Sen don ya turo ruwa, sai da masu famfo suka riƙa buɗe wa Sarki wanda ya tunkara, su rufe wanda ya wuce.

Cikin 1839 aka bayyana dabarar wani Bafaranshe, Daguerre, ta ɗaukar hoto. A lokacin sai akwatin ya daɗe a buɗe kafin sura ta kamu, saboda haka abin da ke motsi ba ya fita sosai. Mutum ya gilma, ya ɓace. Ruwan da ke tashi ya zama kamar hazo. Mutum-mutumi kuwa, da ya ke ba ya gajiya da tsayuwa, shi ke fitowa tangaran.

Daga 1901 wani mai hoto, Atget, ya shiga zuwa Bersai da akwatinsa mai nauyi da fallayen gilashi, yana ɗaukar matakala, da bakin tafki, da inuwar itatuwa cikin ruwa. Ya rasu a 1927, bai yi arziki ba. Amma da guguwar Disamba 1999 ta kayar da itatuwa wajen 10,000 a lambun, irin waɗannan hotuna suka zama shaidar yadda wurin ya ke a da.

Jama'a, mu ma muna da namu. Daga Kakuri ko Makera, in ka haye kogi zuwa lambun Ƙofar Gamji, ka ga gadar Gwamna Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904, aka kawo Kaduna a 1954. Wanda ke da tsohon hotonta, ko na fadar garinsu, ya fid da shi daga ƙasan adaka tun gara ba ta riga shi ba, ya rubuta shekara da sunan wuri a bayansa, don jikoki su san abin da su ke kallo.